Wanda Zai Tsaya wa Abdulmajeed

Masaka, Nuwamba

Yaya Nababa,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Hajiya da yara. Yaya ƙafar? Kubra mai abincin bakin ma'aikatarku ta ce ta gan ka kana ɗingishi, na ce mata ciwon manya ne, naman taro ya yi maka yawa. Mu nan da sauƙi, irin sauƙin wadda ɗanta ke ɗaure.

Ka aiko Kubra ta ce kada in ƙara kiranka a waya, wai ana sauraron wayoyin manyan ma'aikata. To na ji. Ga takarda nan a ƙarƙashin kular tuwonka.

Ka san an kama Abdulmajeed tun ranar zanga-zangar tsadar abinci. Ba dutse a hannunsa, ba sanda. Kwali ya ɗaga, ya rubuta kuɗin mudun shinkafa na bara da na bana. Makon jiya alƙali ya ba da belinsa, har na rangaɗa guɗa a harabar kotu kafin lauya ta ja ni gefe ta karanta min sharaɗin. Wai sai ma'aikacin gwamnatin tarayya mai mataki na sha biyar zuwa sama, wanda yake kan aiki, yake kuma da gida nasa na kansa a cikin Abuja. Ya kawo takardar gidan da hotonsa, ya sa hannu cewa yaron ba zai gudu ba. Ni mai sayar da atamfa a kasuwar Masaka, ina na san irin waɗannan?

Na zauna na tuno zuriyarmu kaf, daga nan har gida. Direbobi, malaman firamare, masu shayi, sai kai kaɗai darakta. Na san ba mu saba ba, rabon da in taka gidanka tun sunan autarka. Amma kakana Sale da kakanka Maharazu nono ɗaya suka sha, kuma ba kuɗi nake roƙo ba. Hannu kawai za ka sa, Yaya. Gudu kuwa, ina zai je ya bar ni? Ubansa ya rasu, shi kaɗai gare ni.

Ƙanwarka,
Yelwa

Abuja, Nuwamba

Yelwa,

Wa alaikumus salam. Saƙonki ya iso, da ɗan man ja a gefensa. Ƙafa da sauƙi, likita ya hana ni jan nama. Hajiya tana gaishe ki.

Na yi baƙin cikin abin da ya sami yaron, amma ban yi mamaki ba. Ke kina ganin abin daga ƙofar shago, ni na daɗe ina kallonsa daga sama. Ƙasar nan tana da wani zazzaɓi da ke dawo mata duk lokacin da waɗanda suka ga na baya suka tsufa. Wasu su gina, 'ya'yansu su ci, jikoki su tashi su tarar da tukunya a kife, sai su fito titi. A yi duka, a yi ɗauri, kowa ya gaji, a koma gini.

A gidanmu ma haka aka yi. Kakanki Sale ya bi jam'iyyar masu ja da sarauta, aka ɗaure shi a gindin tsamiyar kasuwa, kuma kakana Maharazu ne ya riƙe igiyar, don shi ne wakilin dagaci. Har suka mutu ba su sake haɗa kwano ba. Da namu lokacin ya zo, zamanin soja, ni ne a kan titi ina ɗalibi, ina ihu a kan tsadar burodi. Na kwana a bayan kanta, kin sani. Yanzu ga na su Majeed. Shi yana can, ɗana Ameer yana nan ofishin yaɗa labaran jam'iyya mai mulki. Ba ni na zaɓa musu ba, juyin ne ya raba su.

Abin da nake so ki gane, irin wannan zazzaɓi jira ake ya sauka da kansa. A yanzu duk wanda sunansa ya shiga fayil ɗin yaran nan, da safe yana kan teburin oga. Ki ba ni lokaci abubuwa su lafa. Ki bar maganar a hannuna, jinina ne.

Yayanki,
Nababa

Masaka, Disamba

Yaya,

Ina gaisuwa. Allah ya ƙara sauƙin ƙafa. In gaya maka gaskiya, tarihin nan naka da gudu na wuce shi, layin ƙarshe na riƙe. Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci.

Na je gidan yari na gaya wa Majeed kawunsa ya karɓi maganar. Ya rame, Yaya, wuyansa duk ƙashi. Ɗakinsu a cunkushe yake, bi da bi suke kwanciya, kuma ya ɗauko wani tari da ban so ba. Ya tambaye ni ko wannan kawun ne wanda ɗansa ya sa hotonsa, shi Majeed, a waya, ya rubuta a ƙasa wai 'yan daban haya. Na ce ya rufe min baki, ba a faɗin haka ga wanda zai fitar da kai. Amma ka ja wa Ameer kunne. A tabarma ɗaya suka yi wasa ranar sunan nan.

Ga wata magana. Akwai Angelina, maƙwabciyar shagona, benci ɗaya muke zama. Mijinta Thaddeus mataimakin darakta ne, a ma'aikatarku ma yake, yana da ɗan gida a Durumi da takardarsa. Majeed ne ya koya wa 'yarsu lissafi har ta ci jarrabawa. Jiya mutumin nan ya zo da ƙafarsa har shago, ya ce shi zai tsaya, ko gobe ne mu tafi kotu. Na rasa bakin godiya. Na ce masa sai na tambayi babba, don a gidanmu ba a tsallake babba, balle wanda ya ce a bar masa. Angelina ta zuba min harara ta ce, "Maman Majeed, wane irin tambaya ne wannan? Yaro yana ciki, kina neman izini?"

To ga ni ina nema. In ka ga hakan ya fi maka sauƙi, ka ce to, mu wuce wurin.

Yelwa

Abuja, Disamba

Yelwa,

Lafiya lau muke. Na amsa da sauri don kada ki yi abin da za mu daɗe muna jin kunyarsa.

Kin san wane ne Thaddeus? Ni na san shi, hawa ɗaya ke tsakaninmu. Kujerata yake hange. Shi da mutanensa ba wanda bai san inda suka jefa ƙuri'arsu ba, kuma ba sa yin abu don Allah. Ranar da ya sa hannun nan, kafin azahar ma'aikata ta ɗauka cewa darakta ya kasa fitar da ɗansa, sai da na ƙasa da shi ya fitar. Wannan a nan ke nan. A gida kuma a ce tattaɓa-kunnen Malam Sale, mai limancin unguwa, sai ɗan coci ne ya tsaya masa alhali ina raye? Da wane ido za ki shiga garin?

In kika yarda da tayinsa, kin nuna wa duniya ba ki da kowa, ni kuma na cire hannuna. Ki ba shi haƙuri cikin mutunci. In an sha ruwa, an yi Sallah, zan san abin yi.

Na ba Kubra maganin tari, mai kyau ne, daga waje aka kawo min.

Nababa

Masaka, Janairu

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Na yi yadda ka ce. Na ɗauki turmin atamfa mai tsada na kai gidan Thaddeus na ba shi haƙuri, na ce ɗan'uwanmu ya riga ya ɗauki nauyin. Bai karɓi atamfar ba. Ya ce Allah ya sa kawun ya cika. Angelina ta janye bencinta zuwa ɗaya gefen, yanzu gaisuwa kawai muke yi.

Masu gadi sun hana a shiga da maganin, wai ba hatimin likitansu. Yana nan a jakata. Allah ya kai mu azumin.

Yelwa

Masaka, Afrilu

Yaya Nababa,

Barka da Sallah, ko da yake ta wuce har an cinye cincin. Na rubuto cikin azumi, shiru. Na rubuto ranar idi, shiru. Kubra ta rantse da hannunta take ba masinjanka. Ko ƙafar ce ta hau har hannu?

Majeed ya fara tofar da jini. Da idona na gani a bakin rigarsa, yana ta ƙoƙarin naɗe wurin don kada in lura. Ban yi barci ba, gari na wayewa na haɗiye kunyata na koma wa Thaddeus. Ka ji haushi in ka so. Mutumin bai ce min komai mai zafi ba, da ma ya zage ni da ya fi min. Ya ce ya jira ni har ƙarshen Janairu, da ya ga na tsaya a kan bakana sai ya tsaya wa wani yaro, Israel, da aka kama su tare. Kotu ba ta karɓar mutum ɗaya sau biyu a shari'a ɗaya. Israel yana gida yanzu, har ya zo gaishe ni, ya yi ƙiba.

Saura kai, Yaya. Ba wani kuma. Ka ce bayan Sallah, ga bayan Sallah. Ka faɗi ranar, ni zan zo in tsaya a bakin ƙofar kotu tun asuba.

Yelwa

Masaka, Mayu

Nababa,

Ba gaisuwa yau. Kubra ta zo min da shinkafa a roba, ta ce ragowar walima ce, ita aka ba kwangilar girkin. Na ce walimar me? Ta ce ta ritayar oga Nababa mana, ai an kafa rumfa, an ba shi agogon bango, har ya yi hawaye a jawabinsa. Na ci loma biyu kafin maganar ta shiga kaina.

Na kira lauya. Ta ce takardar ta ce wanda yake kan aiki, mai ritaya ba ya ciki, ko gidansa goma ne.

Ma'aikaci ya san ranar ritayarsa tun ranar da aka ɗauke shi aiki. Ka san ta a Nuwamba. Ka san ta ranar da ka sa na kori Thaddeus. Da ka ce min ba za ka iya ba, wallahi da na ji haushi na kwana biyu, da yanzu ɗana yana gida yana shan kunu. Me na yi maka?

Ka ce ka kwana a bayan kanta, na sani. Abin da ka tsallake shi ne wanda ya fitar da kai. Babana ne, yana akawu a ofishin ƙaramar hukuma, ya sa hularsa ya je ya tsaya maka, bai tambayi kowa izini ba. Ina ƙarama amma na tuna, a ɗakin innata ka yi jinyar bulala. Ban so in faɗa ba tun farko, na ɗauka ba sai an tuna maka ba.

Yelwa

Abuja, Mayu

Yelwa,

Ko ba ki gaishe ni ba ni na gaishe ki. Jiki sai a hankali, zaman gida bai karɓe ni ba tukuna.

Ban manta da Baba ba, Allah ya ji ƙansa. Ke ce kika manta ƙarshen labarin. Bayan ya tsaya min aka sa masa ido, aka kore shi ba fansho, ya ƙare yana auna kananzir a ƙofar gida har ya rasu. Ina zuwa ina ganinsa, ina kallon hannunsa. A nan na yi karatun da ban yi a jami'a ba. Kina so in maimaita abin da ya yi, ana saura 'yan watanni in fita lafiya, kuma ana duba sunana don kujerar wata hukuma?

Ban taɓa cewa zan sa hannu ba. Ki koma ki karanta. Na ce ki bar maganar a hannuna, na ce zan san abin yi. Ke kika karanta abin da ranki ke so. Maganar Thaddeus kuwa shawara na ba ki, ba ɗaure ki na yi ba. Uwa ce ke, da kin ga dama da kin ƙi ji.

Yaron ma ba wanda ya aike shi. Kowane zamani yana cin wasu daga cikin 'ya'yansa, ba a kansa aka fara ba. A ci gaba da addu'a.

Nababa

Abuja, Satumba

Ƙanwata Yelwa,

Assalamu alaikum. Kwana da yawa. Na san kina fushi, shi ya sa na aiko direba har shago. Yanzu kina iya kirana a waya ma, ba abin da nake ɓoyewa. Yaya jikin ɗanmu?

Abubuwa sun canza. Kujerar da aka yi min alkawari an ba wani yaro da bai kai Ameer ba, surukin wani ne. Ameer ɗin ma sun sallame shi bayan duk zagin da ya sha dominsu. Mutanen nan ba su san mutunci ba, kuma abin da su Majeed suka fito suka faɗa gaskiya ne, yunwa ta yi yawa. Juyin ya zo, Yelwa, na gaya miki yana zuwa. Ni da wasu tsofaffin ma'aikata mun koma ɓangaren adawa, kuma ana so in nemi kujerar majalisa a gida.

Za mu yi taron 'yan jarida a kan yaran da ke tsare. Ina so ki zo ki zauna kusa da ni, ki sa farin mayafi, ki faɗi abin da ke ranki, ko kuka ne ya zo kada ki riƙe. Ki aiko da hotonsa mai kyau, Ameer zai haɗa fosta, ya iya wannan aikin sosai.

Wani abu kuma, ki riƙe a ranki. In wani ya zo da tayin tsaya masa a 'yan kwanakin nan, kada ki yi gaggawa, ki fara sanar da ni. Fitarsa a ɓoye ba za ta amfani kowa ba. In muka yi haƙuri zuwa bayan taron, da rakiyar jama'a zai fito.

Yayanki,
Nababa

Masaka, Satumba

Nababa,

Direbanka ya tarar da shago a rufe, ya bar takardar wajen Angelina. Ita ta kawo min har gida, ta same ni a kan tabarmar makoki.

Abdulmajeed ya rasu ranar Talata a ɗakin shan magani na gidan yarin. Ba na wurin. Wani ma'aikaci ne ya kira ni, ya fara tambaya ko ni ce mai lambar, kamar mai kawo saƙon kaya. Da muka je ɗaukarsa suka ce sai namiji ya sa hannu. Ba ni da namiji, sai Thaddeus. Na tambayi mai takardar ko sai mai mataki na sha biyar, ya ce a'a Hajiya, wannan kowa ma ya isa. Thaddeus ya sa hannu, ya kama makarar tare da su Israel har mota, ya tsaya daga nesa aka yi masa salla. Ba nauyi, in ji su.

Ka ce da na ga dama da na ƙi ji. Gaskiya ne. Ita ce maganar da nake kwana da ita nake tashi da ita, kuma ba zan yafe wa kaina ba, balle kai.

Abokan Majeed suna zuwa kullum su zauna a ƙofar gida, ba sa hira, ba sa cin abin da aka kai musu. Jiya suka tambaye ni yadda aka yi belin ya gagara. Na ɗauko wasiƙunka na ba su, suka karanta ɗaya bayan ɗaya, har ta jiya. Wani ya ɗauki hotonsu a waya, wani ya tambayi sunan unguwarku da kalar motar Ameer. Na faɗa musu. Kai ka ce min kowane zamani yana cin wasu daga cikin 'ya'yansa, to ba nawa kaɗai aka haifa ba.

Kada ka zo min gaisuwa.

Yelwa

Abuja, Satumba

Yelwa,

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ji ƙan Abdulmajeed, ya sa ya huta, ya ba ki dangana. Hajiya ta yi kuka sosai. Ni ma jikina ya mutu, hawan jinina ya tashi.

Maganganun da kika yi na zafin rashi ne, ban riƙe ba. Yaran nan kuwa kada ki damu, biyu daga cikinsu sun riga sun zo sun same ni, mun zauna, mun fahimci juna. Matasa ne masu kishi, aiki kawai suke nema, kuma tafiyarmu tana buƙatar irinsu. Sun goge hotunan wasiƙun a gabana.

Tunda ba ki aiko da hoto ba, Ameer ya yi amfani da wanda ke wayarsa, ya gyara hasken, ya fito da kyau. An riga an buga, gobe za a fara liƙawa daga Masaka har cikin gari. A ƙasa mun rubuta, "Ɗanmu ne, ba za mu manta ba."

Ki sanar da ni ranar sadakar arba'in da wuri, don masu ɗaukar hoto sai an yi musu magana tun da sauran lokaci.

Yayanki,
Nababa